Adakar Baffa da Biran Gindin Dutse

Baffana, yayan mahaifina, yana da gona a gindin wani dutse tsakanin Rano da Kibiya. A saman dutsen yana da maƙwabta waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba, amma duk damina sai sun ci masara kafin mai ita. Birai ne. Saboda su yake ajiye adaka, bindigar nan ta maƙeranmu da ake ɗura wa albarushi ta baki, a cusa tsumma, a zuba guntayen ƙarfe, a danna da sanda. Harbi ɗaya take yi, sai a koma a sake mata karatu daga farko, kamar ɗalibin da ya dawo daga dogon hutu. Tun tasowata ban taɓa ganin birin da ta kashe ba. Aikinta ƙara ce da hayaƙi, kuma birai suna girmama su duka biyu.

Shekarun da nake magana a kai, sojoji sun koma bariki, Shari'a ta zo, kowa ya zama mai ra'ayi. Ni ina koyarwa a makarantar garinmu, kuma ni ke shirya wa ɗalibai muhawara, irin wadda ake cewa likita ya fi manomi ko manomi ya fi likita, a tashi ba wanda ya sauya sana'a. Zaɓe ya fara ƙaratowa, hotunan 'yan takara sun cika jikin katangu, ana jin labarin 'yan jagaliya a birni. Ana cikin haka, a tsakiyar damina, mai shela ya zaga gari da saƙon dagaci: duk mai bindigar gargajiya ya kawo ta ƙofar fada ranar kasuwa mai zuwa da hantsi. 'Yan sanda za su zo daga Rano su duba. Mai dalili za a san yadda za a yi da shi, marar dalili ya yi sallama da tasa.

A lokacin masarar Baffa ta fara goyo. Wanda ya san noma ya san me nake nufi. Ita ce abincin gidansa daga kaka zuwa bazara, kuma makonnin nan ne birai suke jira tun ranar shuka.

Bayan la'asar muna zama a benci gindin darbejiya, kusa da teburin mai shayi. Ranar da aka yi shelar ban gama zama ba Baffa ya tare ni.

"Malam, kai da ka yi boko, karanta mini. An rubuta wa birai nasu umarnin?"

"Ba takarda ba ce, Baffa, shela ce."

"To an hau dutse an yi musu shelar?"

Aka yi dariya, na jira ta lafa, kamar yadda nake yi a aji. Na ce mai mota sai da lasisi, mai sayar da magani sai da izini, to abin da aka ƙera don ya ji wa mai rai ciwo daga nesa, me zai sa hukuma ba za ta san ɗakin da yake kwana ba? Na tuna musu mutumin Yalwa da bututun adakarsa ya fashe ya tafi da yatsunsa. Na tuna musu faɗan farauta na rani, inda ake fara gardama a kan zomo a ƙare a asibiti. Na ce ga zaɓe tafe, kuma yaron da aka ba ƙwaya ya sha ba ya tambayar bindigar ta ƙirar ina ce kafin ya ɗauke ta daga ɗakin kakansa.

"'Yan jagaliya da adaka?" in ji Baffa. "Kafin su gama ɗuri ai an rantsar da gwamna. Masu riƙe da irin waɗanda ke tofi kamar injin niƙa, su wa ya ce su kawo nasu ƙofar dagaci?"

Wannan gaskiya ce, na kuma amsa cewa gaskiya ce. Sai dai na ce rashin kama babban ɓarawo bai taɓa zama dalilin barin ƙofa a buɗe ba. Baffa ya ce ai shi ba ƙofa ba ne.

Mai shayi, wanda rediyonsa ba ya mutuwa sai batir ya mutu, ya sa baki yana kaɗa madara. Ya ce ya ji an ce a Amurka bindiga a kanti ake sayar da ita kamar sabulu, kuma su ma har gobe gardamar nan suke yi, wasu na cewa 'yanci ne, wasu na cewa masifa ce.

"Suna da birai?" Baffa ya tambaya.

"Ban ji an faɗa ba, Baba."

"To me suke harbi?"

Amsar tana bakina, kuma ni take goya wa baya, amma na bar ta a inda take. Na ga fuskokin mutanen benci, kowa ya amsa wa kansa.

A shekarun nan ko gardamar rabon taki sai an nemo mata hujja ta addini, balle wannan. Wani matashin malami da ya dawo daga karatu ya ce kare dukiya halas ne, kuma masara dukiya ce. Liman ya ce biyayya ga shugabanni wajibi ce, kuma addini ya hana nuna wa ɗan'uwa makami ko da wasa. Baffa ya ce shi bai san biri ɗan'uwansa ba ne, sai dai ko ta wajen dangin Malam na uwa, yana nuna ni da baki. Aka kira magariba kowa yana kan bakansa.

Ba ni na juya Baffa ba, kuma ba liman ba ne. Ranar Asabar na bi shi gona da niyyar ci gaba da darasi, sai muka tarar da Ardo a bakin iyaka. Ardo Bafulatani ne, rugarsa tana bayan dutsen tun kafin a haife ni, yanzu shi ma yana noma gero da dawa ban da shanu. Shi da Baffa sun tsufa suna zagin juna cikin ƙauna.

"Kaɗo, na ji an ce za a ƙwace maka amaryarka."

"Ba wanda ya isa. Kai a ƙwace maka sanda mana."

"Sandata kowa yana ganin iyakar tsawonta," in ji Ardo. Ya tsuguna, ya tsinki ciyawa yana murzawa. "Ka tuna bara, da shanuna suka faɗa maka gefen gona, ka taho a guje?"

"Na tuna. Sun ci mini kunya uku."

"Ka taho da ita a kafaɗa."

"Ai kullum tana kafaɗata. Biri na fito nema."

"Ni na san biri ka fito nema. 'Ya'yana ba su sani ba. Babban ya riga ya zare takobi a bayan kuka, ni na riƙe masa hannu. Ban faɗa maka ba don kada ka daina cin tuwo da mu."

Baffa ya sauke adakar daga kafaɗa. Ya jingine ta a jikin kututture, ya ɗauki fartanya ya yi kunya guda har ƙarshe, ya dawo. Sannan ya ce zai kai ta. Ya dube ni ya ƙara da cewa don Ardo zai kai, kada in je benci in ce na ci muhawara.

A nan dole in yi bayanin wata al'ada, domin a kanta komai ya rataya. A wajen masu adaka, ba a miƙa wa mutum bindiga da ɗuri a cikinta, ba a kuma shiga ƙofar babba da ita a ɗure. Rashin kunya ne, kuma ganganci ne, tunda kunamarta ba ta da amana. Ita kuwa adaka, in an ɗura ta, ba ta da ƙofar baya. Akwai masu zuba mata ruwa su kwakwale albarushin, amma a wajen su Baffa wannan wulaƙanta ƙarfe ne, yana sa tsatsa, kuma ba a yi wa bindigar gado haka. Hanya ɗaya suka sani: a ɗaga bakinta sama a harba. Duk wanda ya tashi a gidan mafarauci ya san wannan kamar yadda ya san alwala. Ni ma na sani. Abin da bai faɗo wa kowa a rai ba, har da ni mai shirya muhawara, shi ne a haɗa wannan sanin da wancan umarnin a ga me za su haifa.

Ranar kasuwa ta zo. Masu bindiga na garinmu da na ƙauyukan kewaye, har daga wajen Rurum, suka taru a faƙon da ke tsakanin makarantarmu da kasuwa, kowa cikin rigarsa ta kirki, tunda gaban hukuma za a je. Motar 'yan sanda ta riga ta iso ƙofar dagaci. Baffa ne babba a cikinsu, don haka shi ya duba ya ce, to jama'a, a sauke, kada mu shiga wa mutane a ɗure. Da ɗaya bayan ɗaya suka yi, da abin ya zo da sauƙi. Amma mutanen nan ba su taɓa tsayawa a jere da bindiga a hannu ba sai ranar ganin watan Sallah, kuma ranar ganin wata tare ake harbawa. Hannu ya bi abin da ya saba.

Ina gaban allo ina rubutu. Na ɗauka dutsen ne ya faɗo. Allin ya karye a hannuna, kwanon rufin ajin ya amsa, kafin in juyo rabin ɗalibaina sun fita ta taga, har da wanda kullum yake kawo uzurin ciwon ƙafa ranar motsa jiki. A kasuwa jakuna suka tsinke, ƙwaryar fura ta kife, mahauci ya shige ƙarƙashin teburinsa da wuƙa a hannu. Wani ya yi ihu cewa 'yan jagaliya sun shigo, wani ya ce sojoji ne suka dawo. Hayaƙi ya rufe faƙon. Da ya washe sai ga dattawa a jere, kowa yana hura bakin bindigarsa, fuskokinsu cike da natsuwar mutanen da suka cika ladabi.

Na fito da gudu, kuma abin da na gani a ƙofar fada ya ɗauke mini dariya. Wani matashin ɗan sanda yana durƙushe a bayan mota, ya saita tasa bindigar wajen hayaƙin, irin mai tofin nan da Baffa yake faɗa. Babbansu ne ya daka masa tsawa ya danne bakin bindigar ƙasa. Tsakanin Baffana da kabari a safiyar nan babu komai sai tafin hannun wani baƙo da ban san sunansa ba. Tun daga ranar, duk wanda ya ce mini adaka ai abin wasa ce, sai in ce masa ita ce abin wasa, amma wanda ya ji ƙararta bai san haka ba.

Babban ɗan sandan ba ɗan ƙasarmu ba ne, Hausarsa ta cefane ce, sai dagaci ya sa aka kira ni in yi tafinta. Ban taɓa yin aikin da ya fi wannan buƙatar tace magana ba. Jami'in ya ce wane mahaukaci ne ya ba da umarnin harbi. Na ce wa Baffa Yallaɓai yana tambaya wane dattijo ne ya jagoranci saukewar.

"Ni ne. Ce masa don girmansa muka yi."

Na faɗa masa. Ya dube ni kamar ni ma a saka ni a mota. Na yi masa bayanin ɗuri da rashin ƙofar baya, aka kawo adaka guda ya juya ta, ya leƙa, ya gane. Amma ganewa ba ta huce masa zuciya ba. Ya ce me ya hana su aiko mutum ɗaya ya sanar tukuna?

"Tambaye shi," in ji Baffa, "in zai shiga masallaci, aike yake yi a sanar zai cire takalmi?"

Wannan ban fassara ba. Na ce Baffa ya ce an yi kuskure.

Jami'in ya ce da niyyar duba ya zo, amma yanzu ya ga abin da ya gani, a kwashe bindigogin duka a zuba a mota, a tafi da su Rano, sai bayan zaɓe a yi magana. Na fassara wannan yadda yake, don ba shi da gefen da za a tausasa. Baffa bai dubi jami'in ba, ya dubi wajen dutse. Na san lissafin da yake yi. Zaɓe sai rani. Masara kuwa saura 'yan makonni.

Dagaci ne ya shiga tsakani, dattijo mai sanyin magana da ya iya sa mutum ya ɗauka shawarar tasa ce. Ya ce Yallaɓai yana da gaskiya, bindiga ba za ta ƙara kwana a gidan kowa ba. Amma me zai hana ta kwana a nan fada, a ɗakin soro, da kwaɗo, mabuɗi a aljihunsa? Masu gona a gindin dutse, waɗanda ba su fi a ƙirga da yatsu ba kuma ya san kowannensu da ubansa, su zo da safe su karɓa, su dawo da ita kafin magariba ba ɗuri. Saura kuwa su haƙura sai an gama zaɓe an yi maganar lasisi. Jami'in ya tambaya a ina za su riƙa saukewa. Dagaci ya ce a gindin dutse, ɗaya bayan ɗaya, nesa da kasuwa da makarantar Malam. Jami'in ya yarda.

A benci na ce wannan shi ne tsari, kuma har yau ina cewa haka. Ba a hana manomi kayan aikinsa ba, ba a bar makami a ɗakin da jika zai iya shiga ba, an san adadinsu, an san hannun da ke ɗauka. Da ni aka ba alƙalancin muhawarar, da na ba dagaci maki cikakke.

Birai ba su halarci zaman ba, amma sun fahimci hukuncin kafin mako ya zagayo. Dagaci ba ya fitowa sai hantsi ya ɗaga, kuma Baffa ya ce ba zai buga wa basarake ƙofa da sassafe yana roƙon abin da ubansa ya bar masa ba. Birai kuwa da wayewar gari suke saukowa. Sai ya koma zuwa gona bayan sallar asuba da garwa da majajjawa, yana kaɗawa yana jifa, dattijo mai furfura yana aikin da ya bari tun yana da ƙuruciya. In rana ta ɗaga sai ya tako zuwa fada ya karɓi adaka, ya koma. Wannan tafiya da dawowar ita ce lokacin karin kumallon maƙwabtansa. Suna zaune a kan dutse suna kallonsa har ya sha kwana, sannan su sauko da iyalansu. Da yamma in ya harba don saukewa, sun riga sun ƙoshi, suna sauraro daga sama kamar masu jin tashe.

Na ba shi shawara ya bar wani a gonar lokacin da zai tafi fada. Ya ce 'ya'yansa suna nasu gonakin, jikokinsa kuma ni na kulle su a aji ina koya musu likita ya fi manomi. Na ce to ya roƙi dagaci ya riƙa fitowa da wuri. Ya ce in rubuta wa hukuma, tunda ni da ita muna jin yaren juna. Wata Asabar na je da kaina na zauna masa gadi. Birai suka dube ni, suka dubi littafin da ke hannuna, suka ci gaba da abin da ya kawo su daga ɗaya gefen.

Ardo ya fi ni amfani. Wasu safiyoyin yakan biyo da shanunsa ta gindin dutsen da karnukansa, ya tsaya har Baffa ya dawo. Amma shi ma yana da nasa aikin, ba kullum ba ne.

Da kaka ta yi aka karya masara. Kunyoyin da ke manne da dutse sun tafi, na tsakiya da na bakin hanya sun tsira. Gidan Baffa bai yi yunwa ba a shekarar, amma tuwon masara ya ƙare musu tun kafin zafi ya shigo, suka koma kan dawa, wadda matarsa ta ce tana sa mata ƙwannafi, kuma ta tabbatar na ji.

A al'adarmu in an yi girbi, babba yakan aika wa ƙananan gidajen dangi ɗan abin taɓawa. Wannan karon Baffa bai aiko ba, da kansa ya zo, a kan kekensa, da buhu ɗaure a baya, adakar a kafaɗa. Ya yi sallama, na fito, na durƙusa na gaishe shi. Ya kwance buhun ya zazzage a kan tabarma. Masara ce, manya-manya, kuma kowace ɗaya an gatsa ta a gefe an yar. Sai da ya bi gona ya tsince su ɗaya-ɗaya.

"Ga rabonka, Malam. Na zaɓo maka waɗanda aka riga aka duba."

"Na gode, Baffa. Allah ya ƙara albarka."

"In ta yi maka yawa ka kai wa hukuma nata."

"Baffa, har yanzu dai ina ganin tsarin nan daidai ne."

"Na sani," in ji shi, yana naɗe buhun. "Shi ya sa na kawo maka da yawa."

Ya hau kekensa ya tafi fada, don yamma ta yi kuma ranar ce ta ƙarshe da zai mayar da adakar a wannan daminar. Maiɗakina ta fito ta tsaya a kan tabarmar tana kallo. Ta ɗauko wuƙa ta zauna tana yanke wajen haƙoran, tana tara sauran a kwano, ta ce in daina tsayuwa in ɗauko wata wuƙar.